Man tsere ko na gidan mai: a fara duba abin da injin babur yake buƙata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe da tsaya mini a rai. Ni makaniken babura ne. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina kwance inji ina ɗaurawa, kuma wajen rabinsu na yi su ne a kan baburan tseren daji, masu dogayen ƙafafun nan da tayoyi masu haƙora, waɗanda ake hawa a turɓaya da yashi da taɓo.

Mutum biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami, kuma cikin wata guda suka zo mini. Na farko saurayi ne. Ya turo babur mai bugu huɗu, wato wanda fulogi ke ƙyasta wuta sau ɗaya a duk juyi biyu na inji, girman injinsa cc 250, bai fi wata shida da saye ba, ko noti ɗaya ba a taɓa kwancewa a injinsa ba. A bayan motarsa ga garwar ƙarfe ta man tsere, an rubuta 110 ɓaro-ɓaro a jikinta. Ya ce, "Oga, na zuba wannan amma ban ji ya ƙara gudu ba. Ko jabu aka sayar mini?" Na biyu magidanci ne da ya daɗe yana hawa. Nasa mai bugu biyu ne, shi ma 250, kuma wani ya aske masa kan silinda don ya ƙara ƙarfi. Shi kam ɗauko babur ɗin aka yi a mota aka sauke, don inji ya mutu masa a tsakiyar yashi. Da na tambaye shi wane mai yake zubawa, sai ya ce, "Malam, fetur ai fetur ne." Saurayin ya yi asarar kuɗi, magidancin ya yi asarar fistin da silinda, kuma dukkansu babu wanda aka taɓa zaunar da shi aka gaya masa abin da lambar nan ta oktan take nufi.

Lambar oktan haƙurin mai take aunawa, wato yadda zai jure matsi da zafi bai kama da wuta da kansa ba. Ga yadda abin yake a cikin silinda. Fistin ya taso ya matse haɗin iska da mai, fulogi ya ƙyasta, wuta ta tashi daga bakinsa ta bazu gefe-gefe kamar yadda take cin busasshiyar ciyawa, tana tura fistin ƙasa. Tana cikin tafiyar nan, ragowar haɗin da ba ta kai gare shi ba tukuna, wanda ya maƙale a jikin bangon silinda, yana ƙara shan matsi yana ƙara ɗaukar zafi. In man mai haƙuri ne, zai jira har wutar ta iso shi. In ba shi da haƙuri, sai ya tashi gaba ɗaya a lokaci guda ya fashe, girgizar ta riƙa kai da komo da gudun sauti tana dukan bango da kan fistin. Ita ce nake kira ƙwanƙwasa. Kada a haɗa ta da abin da muke cewa inji ya buga, wato ya riƙe ya tsaya cik. Ƙwanƙwasa inji na tafiya take faruwa, amma in an ƙyale ta can za ta kai shi. Ƙararta kamar an jefa 'yan tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, ƙyal-ƙyal-ƙyal, kuma an fi jin ta in an murɗa totur a babbar giya babur yana jan nauyi. Sai dai salansar babur ɗin tsere na da amo, ga hular kwano ta rufe kunne, shi ya sa sau da yawa mahayi ba ya jin komai sai aikin gama ya gama.

Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Graham Edgar, shi ya fito da ma'aunin a 1927. Ya ɗauki sinadarai biyu. Ɗaya mai tsananin haƙuri ne, iso-oktan, aka ba shi 100. Ɗayan ba ya jure komai, heftan, aka ba shi sifili. In an ce mai 95 ne, ana nufin yana jurewa kamar haɗin kashi 95 na farkon da kashi 5 na biyun. Ka ga babu maganar ƙarfi a ciki ko kaɗan. Itanol ma, wato sinadarin barasar da ake gaurayawa da fetur, oktan ɗinsa ya haura 100, amma ƙarfin da ke cikin litarsa guda bai wuce kashi biyu cikin uku na litar fetur ba.

Akwai wani ruɗani kuma da ke tattare da lambar. Gwajin iri biyu ne, kuma duka a kan wani inji mai silinda ɗaya ake yi, wanda aka ƙera musamman don wannan aiki. Na farko, RON, ana yin sa inji na juyi 600 a minti. Na biyu, MON, ana kai shi 900 kuma a ɗumama haɗin kafin ya shiga, saboda haka ya fi tsanani, lambarsa kan yi ƙasa da ta RON da 8 zuwa 10. Turai da galibin ƙasashen duniya RON suke rubutawa a famfon gidan mai. Amurka da Kanada kuwa sukan haɗa biyun su raba gida biyu. Shi ya sa 95 na Turai yake daidai da wajen 91 na Amurka, 98 kuma wajen 93. Masu man tsere su ma ba bakinsu ɗaya ba: 110 ɗin da ke kan man Sunoco mai suna Standard matsakaicin biyun ne, 108 na C12 ɗin kamfanin VP kuwa MON ne. Na sha ganin mutum ya karanta 95 a littafin babur ɗinsa, ya ji wani Ba'amurke na cewa 91 ya isa, ya rasa wanda zai gaskata, alhali abu ɗaya suke faɗa. Ni dai a babur ɗin daji na fi sa ido a kan MON, don injin da zafi da nauyi yake aiki kusan kullum.

Na buɗe wa saurayin nan littafin babur ɗinsa na nuna masa shafin mai. Kamfani cewa ya yi fetur maras dalma mai RON 95. Ya yi mamaki, kuma ban ga laifinsa ba, domin injinan nan matsinsu ba na wasa ba ne. Honda CRF250R na shekarun nan 13.9 ne a kan 1, wato fistin na matse haɗin ninki 13.9, KTM 250 SX-F ma ya ɗan haura 14, yayin da motoci da yawa suke wajen 10 ko 11. Dalilin da suke iya shan man gidan mai shi ne ƙwanƙwasa lokaci take buƙata, su kuwa ba sa ba ta. Faɗin silindar CRF ɗin milimita 79 ne kacal, fulogi na tsakiya cif tsakanin bawul huɗu, wutar ba ta da wata doguwar tafiya kafin ta kai bango. Ga gudu: in injin na juyi 12,000 a minti, sau ɗari fulogi ke ƙyastawa a daƙiƙa ɗaya. Kafin ragowar haɗin ya gaji da haƙuri wuta ta riga ta cinye shi. Injin da ba ya ƙwanƙwasa da 95, in ka ba shi 110, ka sayi magani ne babu ciwo. Ribar babban oktan tana fitowa ne in an ƙara matsi ko an gaggauta lokacin ƙyasta wuta, a nan ne ƙarfin yake, man kuma ya tsare inji kada ya ci kansa. Mota ta zamani tana da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa ta daidaita taimin da kanta, shi ya sa wasu motocin kan ɗan amfana da mai mai babbar lamba. Galibin baburan tseren daji ba su da wannan na'ura. Ƙwaƙwalwar injin ba ta san abin da ka zuba a tanki ba, abin da aka rubuta mata a masana'anta shi za ta yi.

Ga abin da na fi so masu hawa su ji. Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, a gasarta ta zakarun duniya mai maras dalma ta yarda da shi, kuma ta ƙayyade RON kada ya wuce 102, MON kada ya wuce 90. In ka auna da lissafin Amurka, 96 ke nan. Mutanen da kamfani ke gina wa inji da hannu, waɗanda abincinsu ke nan, da wannan suke tsere. To me babur ɗin da ya fito daga kwali bai taɓa ganin sifana ba zai yi da 110?

Da na cire kujerar babur ɗin saurayin, sai na tarar da matatar iska ta toshe da ƙura, sosonta ya yi tauri har yana ɓarewa. Sarƙa ta bushe ƙamas, tayar baya haƙoranta sun lanƙwashe. Na wanke matatar na shafa mata mai, na gyara sauran, na tsiyaye tankin na zuba fetur mai kyau na gidan mai. Ranar da ya dawo cewa ya yi babur ɗin ya buɗe, ya tambaye ni abin da na ƙara a cikin man. Na ce masa iska ce injin ya rasa tun farko.

Fistin ɗin magidancin nan har yau yana kan kantata, ina nuna wa yaran gareji. In ka riƙe shi a haske za ka ga gefen kansa, ta ɓangaren salansa, ya yi ƙananan ramuka birjik, kamar gara ta ci itace. Bakin ramin da ringi ke zama ya gutsire, ringin ya maƙale a ciki, guntun da ya ɓalle kuma ya bi silinda ya tsaga ta daga sama har ƙasa. Kan silindar ma ya yi irin ramukan nan a zagaye, robar da ke tare ruwa ta ƙone ta yi baƙi. Fulogin kuwa farin tangaran ɗinsa ya yi fat, da 'yan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a jiki, waɗanda ba komai ba ne illa fistin ɗin ne da kansa yake narkewa yana fantsama. Abin da ke faruwa shi ne, alminiyam yana narkewa a digiri 660, wutar cikin silinda kuwa tana haura 2,000. Abin da ke hana fistin narkewa a kullum wata siririyar iska ce mai ɗan sanyi da ke kwance a kansa kamar mayafi. Girgizar ƙwanƙwasa tana yaye mayafin nan, wuta ta taɓa ƙarfe kai tsaye. Minti kaɗan sun isa.

Abu huɗu ne suka taru a kansa. Wanda ya aske kan silindar ya aske ne kawai, bai sake sassaƙa kwarin cikinsa ba, matsi ya yi sama fiye da kima. Fetur ɗin mai ƙaramar lamba ne, kuma ya fi wata biyu a jarkar roba. Babban jet na kafireta, wato ɗan ramin da ke ƙayyade man da ke shiga inji, ƙarami ne, mai bai isa ba, inji kuma in mai ya yi masa kaɗan zafi yake ƙarawa. Sannan ya shiga yashi mai zurfi da tsakar rana, inda ake murɗa totur har ƙarshe amma babur ba ya gudun da iska za ta ratsa lagireto. Mai bugu biyu dama shi ya fi saurin kamuwa. Duk juyi ɗaya sai ya ƙyasta, a 9,000 sau 150 ke nan a daƙiƙa, babu wani bugu na hutu da fistin zai sha iska. Kada kuma lambar matsin da ke takarda ta yaudare ka. An rubuta wa Yamaha YZ250 8.9 zuwa 10.6, ka ga kamar kaɗan ne, amma daga inda ƙofar hayaƙi ta rufe ake fara auna shi, kuma ƙaton tumbin salansar nan aikinsa shi ne ya mayar da haɗin da ya tsere ya sake cusa shi cikin silinda daidai lokacin da ƙofar za ta rufe. In injin ya shiga gudun da salansar ke aiki sosai, matsin gaske ya fi na takarda nesa. Baƙin man da ake gaurayawa da fetur ma yana ɗan rage oktan. Irin wannan inji, in an taɓa kansa aka kuma kai shi yashi, shi aka yi man tsere dominsa.

Na sa masa sabon fistin da silinda. Na zura wayar solda ta ramin fulogi, na juya inji ya matse ta, na ciro na auna kaurinta don in san tazarar da ke tsakanin fistin da kan silinda. Na kai kan aka sake sassaƙa kwarinsa, na ƙara girman jet. Sai na ce masa zaɓi biyu ne. Ko mu mayar da matsi yadda kamfani ya yi, ya ci gaba da fetur mai kyau na gidan mai, ko ya riƙe ɗan ƙarin ƙarfin ya riƙa gauraya man tsere. Ba dole ne ya zuba zalla ba. Rabin mai 100 da rabin mai 92 suna ba da wajen 96, kuma injina da yawa da aka taɓa kaɗan iyakar abin da suke nema ke nan. Ya yi shiru, ya ce, "Malam, kullum ke nan?" Na ce kullum, muddin kan nan na jikin babur ɗin. Ya zaɓi gaurayawa. Yadda muka gano adadin kuwa, mun fara da rabi da rabi, ya hau a wuri mafi nauyi da ya saba hawa, na ciro fulogi na duba, na haska kan fistin da 'yar fitila. Muka riƙa rage man tseren kaɗan-kaɗan har na fara ganin alama, sai muka koma baya taki ɗaya muka tsaya a nan. Wuri ma yana canja lissafin. A kan tsauni iska ba ta da kauri, kowace mita 300 inji na rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa, buƙatar oktan ma ta ragu. In ka sauko ƙasa, ko rana ta yi zafi, ta ƙaru.

Ba zan ɓoye ba, akwai man tsere da ke ƙara ƙarfi da gaske, amma ba ta hanyar oktan ba. Shi ne wanda aka haɗa da sinadarai masu ɗauke da oksijin a jikinsu, irin U4.4 da MR12 na VP. Inji iyakar iskar da ya iya zuƙa ita ce iyakar man da zai ƙona. In man ya shigo da tasa oksijin ɗin, za a iya ƙona fiye da da a kowane bugu. Sharaɗin shi ne dole a ƙara yawan man da ke shiga. Fetur zalla yana son iska kashi 14.7 a kan kashi ɗaya nasa. Wanda aka sa wa itanol kashi 10 cikin ɗari, E10, ya sauko wajen 14.1. Duk yadda oksijin ya ƙaru a cikin mai, haka lambar ke ƙara sauka. Wanda ya zuba irin wannan mai bai ƙara jet ba, ya mayar da injinsa mai ƙishirwa, kuma ya kama hanyar da magidancin nan ya bi, da mai mai tsada a tankinsa. Masu injekta, wato na'urar da ke fesa mai a maimakon kafireta, kada su ce su sun tsira. Tun da Suzuki ta fito da RM-Z450 mai injekta a 2008 sauran kamfanoni suka bi, amma galibin baburan tsere ba su da na'urar da ke shinshina hayaƙi a salansa ta gyara haɗi. Sai an haɗa kwamfuta an sake rubuta wa ƙwaƙwalwar adadin man. Kuma irin man nan ba a barinsa ya kwana kwanaki a tanki, yana cin roba yana daskarewa. Ƙarin da ake samu ɗan kaɗan ne, na mutumin da ke neman rabin daƙiƙa a bakin layin tashi. Mafi yawan waɗanda nake yi wa aiki ba su kai ga ƙure ƙarfin da babur ɗinsu ya zo da shi ba. Da sun kashe kuɗin a kan taya da gyaran shokoba da man motsa jiki a fili, da sun fi ganin bambanci.

Inda na fi yaba wa man tsere shi ne rashin canjawarsa. Fetur na gidan mai ba abu ɗaya ba ne kullum. Ya danganta da matatar da ya fito, da daɗewarsa a rijiyar ƙasa, a ƙasashe masu sanyi ma da gangan ake canja haɗinsa tsakanin hunturu da bazara don inji ya tashi da sauƙi. Nauyin litarsa na hawa da sauka, kafireta kuwa nauyin mai na shafar haɗin da take yi. Makanike ya ɓata yini yana daidaita jet, mako na zagayowa an zuba wani fetur daban, aikin ya ɗan goce. Garwar man tsere kuwa ta bana da ta baɗi abu ɗaya ne. Sai matsalar itanol, wanda ke zuƙar ruwa daga iska. Mota kullum tana kan hanya, manta ba ya daɗewa. Babur ɗin daji kuwa a hau shi sau biyu a wata a jingine. In ruwan ya yi yawa sai itanol ɗin ya rabu da fetur ya kwanta a ƙasan tanki tare da shi, daidai inda famfo ke ɗiba, fetur ɗin da ya rage a sama kuma oktan ɗinsa ya faɗi. Na buɗe kofin kafireta ba adadi na tarar da wani kore-koren danƙo da farin gari a gindinsa, ƙaramin jet ɗin da raminsa bai kai kaurin allura ba ya toshe ɗam. Mai shi ya yi ta buga kik har ƙafa ta gaji. Wanda babur ɗinsa ke yawan zama, in yana da hali, mai maras dalma maras itanol irin T4 na VP zai hutar da shi. In ba shi da hali, ya sayi iya wanda zai ƙone ranar, ya rufe famfo ya tsiyaye kofin kafireta kafin ya jingine. Man tseren ma a garwar ƙarfe ake barinsa, a rufe gam, a inuwa. In an juye shi a jarkar roba aka bar shi a rana, sassansa masu saurin tashi sun gudu.

Wasu kan nemi man ƙananan jiragen sama, 100LL. Yana hana ƙwanƙwasa, gaskiya ne, amma an haɗa shi ne don injin da ke juyi wajen 2,700 a minti ba ya hawa ba ya sauka, kuma sai an sake jet, ga dalma a cikinsa har giram 0.56 a lita. Ƙananan kwalaben da ake cewa suna ƙara oktan kuwa, da yawansu in sun ce maki huɗu, kashi huɗu cikin goma na lamba ɗaya suke nufi, 92 ya zama 92.4. Masu sinadarin manganis a ciki suna rina fulogi ja, su hana makanike karanta shi.

Malam Edita, maganar dalma ce ta fi komai damuna, kuma saboda ita na ce sai na rubuto. Garwar 110 ɗin saurayin nan akwai dalma a cikinta, haka C12, haka yawancin masu manyan lambobi. A 1921 Thomas Midgley ya gano a kamfanin General Motors cewa ɗan sinadarin dalma a fetur yana kashe ƙwanƙwasa, aka fara sayar da shi a 1923. Duniya ta yi shekaru da dama tana shaƙar hayaƙinsa kafin a yarda da ɓarnarsa. Amurka ta haramta shi a motocin kan titi daga 1996, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, a 2021. Amma an bar ƙofa a buɗe ga ƙananan jirage da injinan tsere. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, a ƙwaƙwalwa, illar da ba ta gyaruwa. Sinadarin da ke cikin man yana ratsa fata, ba sai an shaƙa ba.

A farkon shigata wannan harka na wanke kayan inji da ragowar irin man nan da hannu tsirara, na sa yarana na gareji sun yi, don ban sani ba. Abin yana dawo mini a rai. Yanzu ba ya shiga garejina sai in babu makawa, kuma da safar roba ake taɓa shi, a waje, ba a kunna injin da ke ɗauke da shi a cikin rumfa. Magidancin nan ma maras dalma na sa shi ya riƙa saye, ya kuma ishe shi.

A filin tsere na ga wani uba, mutumin kirki mai son ɗansa, yana tsiyaya mai launi daga garwa cikin tankin ɗan ƙaramin babur mai cc 65 na yaron da bai wuce shekara takwas ba. Yaron na tsugune yana riƙe masa mazurari, man na zuba a yatsunsa. Daga nan aka jera su a layin tashi, yara wajen goma sha biyar, injina na kuka hayaƙi na tashi, ƙannensu na tsaye a baya, hancinsu daidai tsayin bakin salansa. Na matsa kusa na ce, "Yallaɓai, ka duba jikin garwar nan kuwa?" Ya juya ta muka karanta tare, gargaɗin dalma na nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Ya ce shi an ce masa shi ne mai kyau, bai taɓa lura ba. Injin yaron ko kansa ba a taɓa buɗewa ba, littafinsa ma fetur maras dalma ya ce. Na ari jarka muka tsiyaye tankin, na kai yaron bakin famfo na sa ya wanke hannu da sabulu sau biyu. Roƙona gare ka shi ne ka buga wasiƙar nan inda iyayen yara masu hawa da shugabannin ƙungiyoyin tsere za su gani, su hana mai mai dalma a tseren yara gaba ɗaya, su kuma sa wani ya riƙa duba garwa a bakin ƙofa kafin a shiga da ita.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani makaniken baburan tsere